Juriya a Fagen Wasa: Rauni da Murabus da Komowar Wata Gwanar Alkafura Cikin Ruwa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a birnin Katsina ya san yadda yara sukan yi dafifi a bakin kududdufi da zarar damina ta kankama. Wani zai sami tudu ya hau, ya yi tsalle ya faɗa ruwa, ya yi kurme, ya ɓullo can gaba yana dariya. Iyaye su hana, yara su saci jiki su koma. Wannan abu da muke ɗauka wasan yara, a waɗansu ƙasashe an mayar da shi sana'a mai ƙa'idoji da alƙalai da lambobin girma, har mutum yakan ba da ƙuruciyarsa duka a kansa.

A cikin wannan maƙala za mu dubi rayuwar wata gwanar wannan wasa, Laura Wilkinson, mutuniyar Amurka, wadda ta karye a ƙafa tana dab da babbar gasa, ta ci gasar, ta yi murabus na shekara tara, sa'an nan ta komo fage tana kusan shekara arba'in da haihuwa. Manufarmu ita ce mu nuna cewa abin da muke kira juriya kashi-kashi ne, kuma kowane mataki na rayuwar ɗan wasa da irin juriyar da yake bukata. Mun zaɓi wannan misali ne daga nesa domin tarihinsa a rubuce yake daki-daki, amma matakan nan uku, watau rauni da murabus da komowa, su ne dai ke jiran ɗan dambenmu da ɗan kokawa da ɗan ƙwallo da mahayin doki.

2.0 Wasan Alkafura Cikin Ruwa

2.1 Yadda Ake Yin Sa

Hausawa ba baƙin ruwa ba ne. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, akwai wasannin kabanci da ake yi a kogin Matan Fada, irin su tseren kwale-kwale da kamun kifi da hannu. Sai dai gwanintar masunci a ƙarƙashin ruwa take, watau nutso da riƙe numfashi. Gwanintar wasan da muke magana a kansa kuwa a iska take, tsakanin barin dandamali da taɓa ruwa. Saboda haka ne muka kira shi wasan alkafura cikin ruwa.

An shigar da wasan cikin gasar Olamfik a 1904, mata kuma suka fara shiga a 1912. Ana yin sa ne ko dai daga kan katako mai lanƙwasa wanda ke da tsayin mita 3 daga ruwa, ko kuma daga kan kafaffen dandamali mai tsayin mita 10. Domin mai karatu ya kwatanta, hasumiyar Gobarau ta nan Katsina tana da tsayin kimanin mita 15, ke nan dandamalin ya kai kashi biyu bisa uku na tsayinta. Wanda ya diro daga nan yakan yi kimanin sakan ɗaya da rabi a iska, kuma yakan isa ruwa da gudun kimanin kilomita 50 a awa. A cikin ɗan wannan lokaci ne zai wuntsila sau biyu da rabi ko sau uku da rabi, wani lokaci har da murɗawa, sa'an nan ya miƙe sambal ya shiga ruwa da hannuwa ba tare da fantsama mai yawa ba.

A tsarin da ake bi yanzu, mata sukan yi dirowa biyar a kowane zagaye, maza shida. Alƙalai bakwai ne ke ba da maki daga sifiri zuwa goma. Akan zubar da maki biyu mafi yawa da biyu mafi ƙaranci, a tara ukun da suka rage, a ninka da adadin da aka ƙayyade wa wahalar wannan dirowa. Abin lura a nan shi ne, kuskure guda yana iya rusa aikin shekara huɗu, domin babu damar sakewa.

2.2 Abin da Yake Yi wa Jiki

Ruwa yana da taushi ga mai wanka, amma ga wanda ya faɗo masa da irin wannan gudu yana da tauri ƙwarai. Ɗan wasa yakan haɗa tafukansa a saman kai ya huda ruwan da su, don haka nauyin bugun yakan bi ta wuyan hannu zuwa gwiwar hannu da kafaɗa, ya sauka a wuya da gadon baya. Bugu ɗaya ba ya yin illa ga horarren jiki. Illar tana zuwa ne daga maimaici, domin gwani yakan yi dirowa dubbai a shekara. Ban da wannan akwai hatsarin bugun kai ko ƙafa a bakin dandamali yayin wuntsilawa, da kuma raunin da ake samu a horon tudu, inda ake koyon alkafura a kan katifu kafin a kai ta ruwa. Ke nan rauni iri biyu ne: na farat ɗaya, kamar karaya da targaɗe, da kuma na sannu a hankali, wanda ba a ankara da shi sai ya yi nisa. Wilkinson ta gamu da duka biyun.

3.0 Dauriya da Juriya da Haƙuri

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu rarrabe kalmomi uku da akan cakuɗa a maganar yau da kullum. A wannan maƙala, in mun ce dauriya muna nufin cije baki a kan zafi na ɗan lokaci, irin wadda ake gwadawa a fagen sharo ko a hannun wanzami. In mun ce juriya muna nufin ci gaba da aiki na dogon lokaci a cikin wahala, tare da sake dabara gwargwadon abin da ya rage wa mutum na ƙarfi. Haƙuri kuwa shi ne kame kai da jiran lokaci, da yarda da abin da babu makawa daga gare shi.

Al'adarmu ta fi yaba ta farko, domin ita ce ake gani da ido a fage, ita ce makaɗa ke kambamawa. Za mu ga cewa a cikin ukun nan ita ce mafi ƙarancin amfani ga ɗan wasan da yake so ya daɗe, kuma ita ce mafi hatsari in an bar ta ita kaɗai.

4.0 Matakin Rauni

An haifi Laura Wilkinson a birnin Hustan na jihar Teksas a ran 17 ga Nuwamba 1977. Ta fara ne da wasan motsa jiki na tsalle-tsalle da alkafura a tudu, ba ta koma na ruwa ba sai da ta kai kimanin shekara 15, abin da ake ɗauka latti ne a wannan fage. Mai koyar da ita, Kenny Armstrong, shi ya riƙe ta tun daga farko.

A watan Maris na 2000, wata shida kafin gasar Olamfik ta Sidni, tana cikin horon tudu sai ta bugi katako da ƙafarta ta dama, ƙasusuwa uku suka karye. Zaɓi biyu ne a gabanta. Ko dai a yi mata aiki a gyara ƙasusuwan, wanda zai sa ta rasa gasar tace 'yan wasa da za a yi a watan Yuni, ko kuma a ɗaure ƙafar yadda take, ta warke a karkace, a jinkirta aikin sai bayan gasa. Ta zaɓi na biyu, ta yi kimanin mako goma ƙafarta tana cikin ɗaurin asibiti.

Abin da ta yi a waɗannan makonni shi ne ya fi jan hankalinmu. Ba ta kwanta a gida ba, kuma ba ta yi taurin kan faɗawa ruwa da karyayyiyar ƙafa ba. Takan zo wurin horo a kan lokaci kamar kowa, ta hau dandamalin nan na mita 10 da ƙyar, ta tsaya a bakinsa, ta yi motsin hannu da na kai irin wanda za ta yi in da za ta diro, tana bin dirowar a cikin zuciyarta daga farko har shiga ruwa. Takan kuma zauna ta yi ta kallon hotunan bidiyo na dirowarta. Masana halayyar 'yan wasa sun daɗe da gane cewa irin wannan bita ta zuci tana taimaka wa mutum ya riƙe tsarin motsin da ya riga ya koya, ko da yake ba ta maye gurbin horon jiki. Da aka kwance ɗaurin, saura kimanin mako uku a yi gasar tacewa. Ta shiga, ta zo ta ɗaya.

A Sidni ƙafar ba ta daina ciwo ba, har sai da ta riƙa sa wani takalmi na musamman don hawan matakala, ta cire shi in ta kai sama. Tun daga 1984 'yan ƙasar Sin ne ke cin wannan gasa ta mata a dandamali, kuma su ne a gaba da aka shiga zagayen ƙarshe a ran 24 ga Satumba 2000. A dirowa ta uku waɗanda ke gabanta suka yi kuskure, ita kuwa ta yi tata da kyau, ta wuce gaba. Dirowa ta huɗu ita ce mai wuya a gare ta, domin irinta ce take koyo ran da ta karye, kuma tana bukatar mutum ya tsaya a kan goshin ƙafa ya tunkuɗa da ƙarfi, daidai wurin ciwon. Ta yi ta lafiya. Da aka tara maki, ta sami 543.75, Li Na ta ƙasar Sin ta sami 542.01, watau ratar ba ta kai maki biyu ba. Rabon da wata Ba'amurkiya ta ci wannan lambar zinariya tun 1964. Bayan gasar ne aka yi mata aikin ƙafar.

In muka auna wannan labari da ma'aunin da muka kafa a sama, za mu ga cewa dauriya ta yi aiki na 'yan sakanni a bakin dandamali, amma abin da ya kai ta wurin shi ne juriyar mako goma ta yin horon da babu mai tafa masa. Ya kamata mu kwatanta wannan da abin da ya faru ga Greg Louganis a gasar Olamfik ta Seul a 1988, inda ya bugi katako da kansa a zagayen farko, aka yi masa ɗinki, ya koma ya ci gaba nan take, daga bisani ya ci zinariya. An yaba masa ƙwarai a lokacin. A yau kuwa likitocin wasanni sun fahimci illar girgizar ƙwaƙwalwa fiye da da, kuma ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce a fitar da wanda ake zaton ya same ta daga wasa har sai an duba shi. Abin da jiya aka kira jarumtaka, yau ana iya kiransa ganganci.

5.0 Matakin Murabus

Wilkinson ta ci gaba da wasa shekara takwas bayan Sidni. Ta ci kofin duniya a 2004, ta zo ta biyar a Olamfik ta Atens a wannan shekara, aka yi mata aiki a wuyan hannu, sa'an nan ta ci gasar zakarun duniya a Montariyal ta Kanada a 2005. Da wannan ta zama mace ta farko da ta haɗa manyan lambobin nan uku a dandamali. A Olamfik ta Beijin a 2008 ta zo ta tara, daga nan ta yi murabus tana da shekara 30.

Murabus ɗin ɗan wasa ya bambanta da ritayar ma'aikaci. Ma'aikaci yakan ajiye aiki ne a lokacin da sa'o'insa ma suke ajiyewa, ɗan wasa kuwa yakan ajiye nasa a lokacin da sa'o'insa suke fara nasu. A rana ɗaya yakan rasa tsarin yininsa, da abokan horonsa, da hanyar abincinsa, da kuma sunan da ake kiransa da shi. Wanda tun yana yaro aka san shi da abu guda, in an raba shi da abin, tilas ya sake koyon amsa tambayar ko shi wane ne. A nan dauriya ba ta da wani amfani, domin babu zafin da za a cije wa baki. Haƙuri ake bukata, da kuma wani abin riƙo na dabam.

Wilkinson ta sami wannan abin riƙo a wajen iyali, inda ta zama uwar 'ya'ya huɗu, tana kuma yin jawabai da sharhin wasan. Wani misali mai amfani shi ne na Fu Mingxia ta ƙasar Sin, wadda ta ci zinariya a Basalona a 1992 tana da shekara 13, ta ci biyu a Atlanta a 1996, sa'an nan ta ajiye wasa ta shiga Jami'ar Tsinghua karatu. Bayan hutu ta komo ta sake cin zinariya a katakon mita 3 a Sidni a 2000. A misalan nan biyu, wadda ta komo fage ta komo ne daga wata rayuwa da ta riga ta kafa a wajensa. Wannan ya sha bamban da halin wanda yunwa ko bashi ko kewar tafi suka koro shi, domin shi ba ya da ikon cewa a'a ga kowace karawa.

6.0 Matakin Komowa

A 2017, tana da shekara 39, Wilkinson ta komo gasa a hannun malaminta na farko, ta kuwa zo ta biyu a gasar ƙasa ta Amurka, tana karawa da 'yan matan da ta isa ta haife su. Mutane suka ce lalle da tsohuwar zuma ake magani. To, amma jiki magayi. A 2018 hannunta ya fara gazawa yayin shiga ruwa, da aka bincika sai aka tarar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan wuyanta ya lalace, yana danne jijiya. Wannan shi ne rauni na sannu a hankali da muka ambata, sakamakon bugun shekara da shekaru. A watan Disamba na wannan shekara aka yi mata aiki aka haɗe ƙasusuwan wuyan da ƙarfe.

A nan ne muke ganin babban darasin rayuwarta. A 2000 ta jinkirta aikin ƙafa domin ta yi gasa, a 2018 kuwa ta jinkirta gasa domin a yi mata aikin wuya. Mutum ɗaya ce, burin kuma ɗaya ne, amma ta yanke hukunci biyu masu karo da juna, kuma kowanne daidai ne a muhallinsa. Mafi munin abin da zai biyo bayan na farko shi ne ƙafa mai ciwo, wadda ake iya gyarawa daga baya. Wuya kuwa hanyar laka ce, in ta taɓu mutum yana iya shanyewa har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka muna iya cewa wani ɓangare na juriya shi ne sanin ciwon da ake iya tafiya da shi da wanda dole a tsaya masa.

Bayan doguwar jinya ta koma dandamali, sai kuma annobar korona ta sa aka ɗage Olamfik ta Tokiyo daga 2020 zuwa 2021. Ga matashiya ƙarin shekara guda ƙarin horo ne, ga mai shekara 42 kuwa ragi ne daga ɗan abin da ya saura. A watan Yuni na 2021 ta shiga gasar tacewa a Indiyanafolis tana da shekara 43, ta kai zagayen ƙarshe, ta zo ta goma. Biyu kawai ake ɗauka, don haka ba ta tafi Tokiyo ba.

Mai auna komowa da lambar zinariya zai ce ta faɗi. Mu dai muna ganin ma'aunin ne bai dace ba. Mace mai 'ya'ya huɗu, da ƙarfe a wuyanta, ta tsaya cikin goma mafi gwaninta a ƙasarta shekara 21 bayan Sidni, ta kuma sauko da ƙafafunta lafiya. Da a ce labaran da suka ƙare da zinariya kaɗai muke bayarwa, da mun koya wa matasa cewa juriya ciniki ce wadda dole ta biya, alhali kuwa mafi yawan masu komowa ba sa kai matsayinsu na da.

7.0 Abin da Ya Shafe Mu a Gida

Katsina gari ne na wasa. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna a ƙwallon dawaki, kuma har yanzu ana danganta garin da wannan wasa. Ga 'yan ƙwallon ƙafa a filin wasa na Muhammadu Dikko, ga kuma dambe da kokawa a birni da ƙauyuka, musamman da kaka. A dambe, in an kai mutum ƙasa akan ce an kashe shi, amma kowa ya san wanda aka kashe yau zai tashi ya ɗaure hannu gobe. Ke nan tunanin faɗuwa da tashi ba baƙo ba ne gare mu. Abin da ya rage mana shi ne tsari, don haka muke ba da waɗannan shawarwari:

(a) Kada a bar ɗan wasan da ya bugu a kai ko a wuya ya koma fage sai likita ya duba shi. Maɗoranmu na gargajiya suna da gwanintarsu a kan karayar hannu da ƙafa, amma ciwon ƙwaƙwalwa da na laka ba a gane su da shafawa.

(b) Makaɗa da 'yan kallo da iyayen gida su san cewa zuga tana da nauyi. Kirarin da ke tayar da lafiyayye shi ne ke mayar da majinyaci fage tun ƙashinsa bai kama ba.

(c) Kada a yar da mai rauni. A bar shi ya riƙa zuwa wurin horo, ya yi kallo, ya yi bitar wasansa a zuci, ya motsa gaɓoɓin da ke da lafiya. Wannan ba ya cin kuɗi, kuma shi ne ya riƙe Wilkinson a 2000.

(d) A tanadar wa ɗan wasa karatu ko sana'a tun yana ganiyarsa, domin ran da ya ajiye wasa ya sami inda zai dafa, in kuma zai komo ya komo don ra'ayin kansa.

(e) A buɗe wa tsofaffin gwanaye ƙofar komowa ta wata fuska, a matsayin masu koyarwa da alƙalai da masu ba da shawara. Wanda ya taɓa karyewa ya warke ya fi kowa sanin abin da zai gaya wa yaron da ya karye.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun bayyana wasan alkafura cikin ruwa da irin wahalar da yake ɗora wa jiki, mun rarrabe dauriya da juriya da haƙuri, sa'an nan mun bi rayuwar Laura Wilkinson ta matakai uku. Mun ga cewa a lokacin rauni juriya tana nufin sake dabarar horo, a lokacin murabus tana nufin kafa wata rayuwa a wajen fage, a lokacin komowa kuwa tana nufin sanin iyakar jiki da karɓar sakamako ko da bai kai na da ba. Muna fatan masu nazarin al'adunmu za su yi irin wannan bibiya a kan 'yan dambe da 'yan kokawa da mahaya na ƙasar Katsina, su tattara labarin raunukansu da yadda suka yi jinya da abin da suka koma yi bayan sun bar fage, tun tsofaffin da suka san labarin suna raye.